Baitin Ƙarshe Ya Tona Ni

Asabar, 3 ga Mayu

Na gama shirin waƙe a rediyo. Samari sun sake turo waƙoƙin so, duk kuka: ba na ci, ba na barci, zuciya ta ƙone. Na ce a iska wannan ragwanci ne, namiji ya riƙe kansa. Célestin, mai kula da na'ura, ya yi dariya ya zuba su a kwando.

Talata, 6 ga Mayu

Kasuwa kuma, rumfar Solange mai kifin tafkin Maga. Ni da nake zaune ni kaɗai tun rasuwar matata Ache, wa zai ci wannan kifin? Maƙwabta har sun gaji da karɓa. "Mallum, jam na?" Solange ta gaishe ni da Fulatanci. "Kullum kifi, za ka zama kada." Na karɓi kifin ina murmushi kamar saurayi. Da furfurata!

Alhamis, 8 ga Mayu

Ban ci komai ba. Ashe yaran nan ba ƙarya suke yi ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na tsara waƙa. Ni, Adoum, da ban taɓa rera komai ba sai wa'azi. Ban sa sunanta ba, na dai ce mai rumfa kusa da famfo. Gobe zan ce wani mai sauraro ne ya aiko, bai so a san shi.

Asabar, 10 ga Mayu

Innalillahi.

Na rera ta da ka:

Na je saye na dawo an saye ni,
Ƙafata ta san hanya, ta ƙi jin maganata.

Sai baki ya bi abin da ya saba. Duk waƙar da na yi, a baitin ƙarshe nake sa sunana, yadda malamina ya koya mini. "Ni ne Adoum na Poumpoumré na tsara." Ya fita kafin in kama shi. Célestin ya dafe kai ta bayan gilashi: "Mallum, on est en direct!" Wato kai tsaye muke a iska.

Lahadi, 11 ga Mayu

Bayan la'asar liman ya daɗe riƙe da hannuna. Gara ma ya zage ni. Kunya kamar in nutse.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban je kasuwa ba. Ba zan sake zuwa ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na je.

Solange tana kankare kifi, ba ta ɗago ba. "An ce ka yi waƙa. Na ji, amma Hausarka ta littafi ta fi ƙarfina, rabi kawai na gane." Na ce ba komai ba ne. Ta turo mini benci da ƙafa. "Zauna. Faɗa mini sauran da Hausar kasuwa."

Na zauna. Ban sayi kifi ba.

Na ce wa Célestin kada ya zubar da kwandon nan tukuna. Don gyaran ƙafiya kawai, wasu yaran suna da ɗan hannu.