Askin Harendra

Landan, 3 ga Maris

Didi Sulochana,

Ina taɓa ƙafafunki da na mahaifinmu Babuji don gaisuwa, da fatan tarinsa ya yi sauƙi.

Albishirinki! Bayan shekara goma sha ɗaya ina fitowa a direban tasi mai faɗin kalma biyu kacal a finafinai, an ba ni babban matsayi a wani fim, zan fito a fursuna. Sai dai wai dole in aske kaina da gashin bakina ƙwal. Kin san a gidanmu ɗa ba ya wannan aski sai ranar da mahaifinsa ya rasu. Sun ba ni wata guda in yi shawara. Don Allah kada Babuji ya ji.

Ƙaninki, Harendra

Bikaner, Indiya, 14 ga Maris

Harendra sarkin wauta,

Muna gaishe ka. Ka manta tun da idon Babuji ya raunana ni nake karanta masa wasiƙunka da ƙarfi? Sai da na kai "ƙwal" na gane na yi ɓarna. Ya ture farantin gurasar roti, ya ce, "Yaron nan ya ƙosa in mutu ke nan?" Kwana uku ke nan ya ƙi cin abinci, sai murza gashin bakinsa yake. Ni tausayinku duka nake ji.

Yayarka

Landan, 23 ga Maris

Didi,

Gaisuwa mai yawa. Ki ce masa ya ci abinci, zan ce musu na fasa. Na saba da tasin.

Harendra

Bikaner, 2 ga Afrilu

Ɗana,

Albarkata tana tare da kai. Ni ke faɗa, yayarka na rubutawa tana kuka, ka yi haƙuri da tabon hawayen.

Wa ya ce ka fasa? Na yi tunani. Ranar da zan tafi kana bayan teku, kafin jirginka ya sauka an ƙone gawata bisa al'adarmu, kuma ko ka iso ba zan gan ka ba. To, yi askin yanzu ina da sauran ido. Ka aiko hoto babba, ina so in ga yadda ɗana zai tsaya mini a wannan ranar.

Babuji

Bikaner, 29 ga Afrilu

Ɗana,

Hoto ya iso, na kai shi dab da hancina na duba. Ashe duk shekarun nan kunnuwa irin nawa kake ɓoyewa a ƙarƙashin sumar nan.

Na ci roti huɗu yau.

Babuji