Ƙaurin Roba a Hanyar Miga

Yalwawa, Dutse
9 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun koma Haɗeja lafiya. Ya maigidan da yara, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kin yi ƙorafin ban buɗe baki ba duk kwana bakwai na zaman makoki. Gaskiyarki. A waya ma daga "to" sai "amin", shi ya sa na ɗauko takarda. Ba kuka nake ɓoyewa ba, kukan ne babu. Ina cin abinci, ina zuwa ofis, ana yi mini gaisuwa ina amsawa, sai ka ce wani aka yi wa rasuwar na rako shi.

Ranar kuwa, kin ji ta a bakin mutane, ga ta daga bakina. Da hantsi Inna ta kira cewa numfashin Baba ya sarƙe. Na bar Dutse a motata da caji kashi saba'in, wanda kullum yake kai ni Miga ya dawo da ni har da ragowa. Na ɗauko shi zuwa asibitin Dutse, Kawu Sale na tallafe da shi a baya. Mun wuce Kiyawa kaɗan motar ta fara rage gudu da kanta, ta mutu a gindin wata tsamiya. Minti hamsin ina ɗaga wa motoci hannu. Kafin wata a-kori-kura ta tsaya, Kawu ya riga ya shafe masa ido.

Dangi sun gama yanke hukunci: motar lantarki ce, dama ba ta hanyar ƙauye ba ce. Shi kansa Baba tsokanata yake, wai na sayo tocila mai taya huɗu. Ban musa wa kowa ba.

Yanzu kuma ƙaurin roba take yi, irin na taya a wuta. Na duba wayar caji da bakin da ake soka ta, babu alamar narkewa. Na leƙa ƙarƙashi ko leda ce ta manne, ba komai. Zulfa ta ce ba za ta sake sa ƙafa a ciki ba sai ni mijinta na daina taurin kai. Gobe zan kai ta gareji.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Kamilu

13 ga Agusta

Yaya Lauratu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ya jikin Umaima, zazzaɓin ya sauka?

Na kai motar wajen Malam Yahuza, tsohon bakaniken da ke bayan tasha. Gareji biyu sun kore ni kafin shi, wai kada batir ya tashi da su. Shi ko gezau. Ya duba wayoyin gaba, ya sunsuna, ya ce ba nan ba ne. Ya sa na zaga da shi cikin gari, muka dawo, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kara bayan hannunsa. A ta baya ta dama ya janye da sauri. Ya yayyafa ruwa, ƙarfen ya yi cuu. Da ya ɗaga ta a jak, da hannu biyu ma da ƙyar take juyawa.

Birki ne ya cije. Ya ce irin wannan mota da kanta take rage gudu in an ɗaga ƙafa, sai birkin baya ya yi makonni bai motsa ba. Na kuma yi ta ratsa ruwa da laka a daminar nan, tsatsa ta kama shi, ya matse bai saki ba. Zafin ne ya narkar da robar da ke rufe shi. Ya kwance, ya goge, ya sa mai, ya canza robar da takalmin birkin. Na duba agogo. Minti ashirin da biyar.

Yana wanke hannu ya tambaye ni ko ban lura caji na saurin ƙarewa ba, tunda da birki a take nake ta yawo. Bai san komai ba, bawan Allah. Na ce na lura.

Yaya, a waccan wasiƙar na rubuta kamar bayan rasuwar ƙaurin ya fara. Ba haka ba ne. Kwana biyar kafin ranar Zulfa ta ji shi, ta ce in kai a duba, na ce sai Asabar. Na san kwanan Baba ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma ba motar ce ta gaza ba, kuma Inna na can tana tsine mata. Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, har yanzu shiru.

Ki ba ni shawara, in faɗa mata ko in bari?

Naki,
Kamilu

18 ga Agusta

Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum, da fatan alheri gare ku duka.

Ban jira amsarki ba, ki yafe ni. Jiya na je Miga. Ƙaurin ya tafi, na je na dawo da kashi ashirin a ajiye.

Na sami Inna a ƙofar ɗaki tana zage zogale. Na durƙusa na faɗa mata duka, har da maganar Asabar. Hannunta bai tsaya ba. Na so ta zage ni, ko ta ce ta yafe, ba ta yi ko ɗaya ba. Tambayata kawai ta yi ko akwai inuwa a wurin, ko an ba shi ruwa. Na ce akwai, an ba shi.

Da zan tafi ta ce ranar da ta fita takaba in zo da motar, wannan ɗin dai, in kai ta inda muka tsaya. Na lissafa, farkon Disamba ke nan. Ban san abin da za ta yi a can ba, ban kuma tambaya ba. In za ki iya zuwa ki zo, don ban tabbata zan iya tuƙo mu gida ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Kamilu