Sale Ya Zo Gayya

Daren Laraba, tsakiyar damina

Jikina duk ciwo yake, amma barci ya ƙi zuwa. Yau aka yi gayyar noman gero a gonar Baba. Ba wanda ya gayyaci Sale, wanda aka sako daga gidan yari kafin azumi, bayan ya gama zaman fasa rumbunmu da ya yi a shekarar yunwa. Sai ga shi da fartanyarsa. Ya kama kunyar can gefe, kuma shi ya fara kai ƙarshen gona.

Da aka kawo tuwo, aka bar shi shi kaɗai a gindin ɗorawa. Kawu Idi ya ce a zuba masa a kwano daban. Baba ya ɗago kai ya ce, "Hukuma ta gama nata hukuncin, Idi, kai naka na mene ne? Sale, wanke hannu ka matso."

Ya wanke hannu, ya matso. Akushi ɗaya suka ci da Baba. Hatsin tuwon nan daga rumbun da ya fasa aka ɗebo shi, amma yau mai rumbun ne da kansa ya ce masa bismillah.

Allah Ka ba ni ko rabin zuciyar tsohon nan.