Sai mun yarda za mu riƙa kashe sabis kafin a ba mu lasisi

Anti, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka min da shawara, na gaji da juya maganar nan a raina.

Ni da ƙanena muke da kamfanin intanet mara waya, irin wanda ake kafa dogayen ƙarafa a ɗora musu na'ura. Da gadon mahaifinmu muka fara. Shi ya karanci abin, ni allo na yi. Teburina yana bakin ƙofa, kusa da firij, ni ke amsa wayar masu ƙorafi.

Yanzu manyan kamfanoni sun danne mu a gida. Ƙanena ya daɗe yana zirga-zirga zuwa wata ƙasa neman lasisi, duk ya rame. An yarda, amma sai mun haɗa gwiwa da wani ɗan can, surukin wani babba a gwamnati. Wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya, mutumin ya ce duk ranar da aka bugo daga sama, lokacin zaɓe ko zanga-zanga, za mu kashe sabis a yankin da aka nuna, ba tambaya. Kuma ba za a rubuta ba, wai fahimta ce tsakanin manya.

Anti, na san muryar mutum idan sabis ya ɗauke masa. Na ji ta mai shago, na ji ta uwar da ɗanta ke kwance a asibitin wani gari. Ƙanena ya ce ni komai sai na sako lahira, in mun ƙi wasu za su karɓa, mu kuma mu fara sallamar ma'aikata. Bai yi ƙarya ba. Abin ba zai yiwu ba sai na sa hannu. Yanzu ko Yaya ya daina ce min, sai Hajiya. Ya zan yi?

Mai amsa waya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙanenki ba mugu ba ne, bakunan da ke ci a kamfanin yake dubawa. Ke ma ba taurin kai ne da ke ba, amana kike tsoro.

Kada ki ja da shi a gaban ma'aikata. Ki same shi a gida, ki ce kin yarda da tafiyar bisa sharaɗi ɗaya: maganar kashe sabis ta shiga yarjejeniya, kuma ba za a kashe ba sai da umarnin kotu a rubuce. Ku sa wani lauyan ƙasar ya duba. In mutumin ya amince, doka kuka bi. In ya ƙi, so yake ranar da abu ya ɓaci a ce baƙi ne suka kashe, shi ba ruwansa. Gwamnati kan sauka ta tafi da surukanta, ƙarafanku kuwa suna nan a ƙasar mutane. Wannan hujjar ta kasuwa ce, ƙanenki zai saurare ta. Ki kuma tuna masa akwai wasu ƙasashen.

In ya dage duk da haka, ki janye hannunki daga takardar, amma kada ki janye ƙafarki daga gidansa. Allah ya sanyaya zukatanku, ya buɗa muku ta inda ba za ku ji kunyar kowa ba.