Inda Tsohuwar Hanya Ta Ƙetare Kogi

Talata, 4 ga Maris

Na koma kan tsohuwar hanyar mota daga inda na tsaya makon jiya, bayan gidan man nan da aka rufe. A nan sabon titi ya yanke ta ya wuce abinsa, ita kuma ta karkata hagu ta shige gonaki. Wanda bai san da ita ba zai ce burtali ne. Amma burtali ba ya da doro a tsakiya, ba ya da lambatu gefe da gefe. Na sami kwalbati guda na dutse, jerin hannu, babu siminti, kuma har yanzu ta nan ruwa ke bi. Wata akuya ta haihu a ciki. Na ɗauki hoto, na auna bakinsa da sandata.

Ita ce hanyar farko da mota ta taɓa bi a yankin nan, kuma duk garin mutum biyu ne suka damu da ita: ni da Injiniya, mijin marigayiya Yaya. Shi ma don ya ƙaryata ni ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Shafina ya fito a jarida, saboda haka Injiniya ya bugo, kamar kowace Alhamis. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Edita, na karanta ƙaryar wannan makon. Ta fi ta makon jiya tsari."

Na ce na gode, Allah ya ƙara wa idonsa lafiya.

Muka koma kan kogi, inda kullum muke komawa. Shi ya ce hanyar ta sauka ta mashigin duwatsu, a can ake ɗora mota kan jirgin fito a ja da igiya. Ni na ce gada aka yi, can sama wajen lanƙwasar kogi. Hujjata wani dusasshen hoto ne da na gani a tsohuwar jarida, mota a tsaye, wasu ƙarafa a bayanta. Ya ce ƙarafan garken shanu ne. Hujjarsa ita ce ya yi rayuwarsa yana awon hanya, ni kuwa na yi tawa ina gyara waƙafin mutane.

Tun rasuwar Yaya ba mu taɓa yin maganarta ba, ni da shi. Maganar hanya muke yi.

Lahadi, 9 ga Maris

Mutum ɗaya na yi magana da shi yau, wani mai neman mai gyaran famfo. Kuskuren lamba ya yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Bai bugo ba. 'Yarsa ce ta kira, Likita, daga can garin da take aiki. Ya zame a banɗaki jiya, ya kasa tashi har sai da mai shara ta zo. Babu karaya. Tana so ya koma wajenta da zama, ta gyara masa ɗaki a ƙasa, ba hawan bene. Tafiyar yini guda ce daga nan.

Ya ce mata ba inda za shi sai an gama maganar kogi. Wai ba zai bar gari ya bar ni ina buga abin da na ga dama ba.

"Kawu, ka ce masa shi ne da gaskiya mana, kowa ya huta."

Na ce ba na rubuta abin da ban tabbatar ba.

"To ka tabbatar, Kawu, don Allah. Ka san halinsa, in ya faɗi magana ba ya janyewa. Ni kuma wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi."

Na yi mata alkawari.

Asabar, 15 ga Maris

Na je duba shi. An kawo masa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya jingine shi can nesa da kujerarsa yadda ba zai yi masa amfani ba.

"Ka ga sabuwar motata? Ba mai, ba lasisi."

Falon yana nan yadda Yaya ta bar shi. Keken ɗinkinta a lulluɓe, almakashi a kai. Kwanukan da ya ci abinci sun taru a kan teburin zanensa, kusa da taswirori. Na kwashe su na wanke, yana ta ɗaga murya daga falo cewa ɗan jarida ko kofi ya wanke sai ya ƙara gishiri.

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. 

Laraba, 19 ga Maris

Na same ta.

An rufe madatsar ruwa ta sama don gyara, kogin ya ja fiye da yadda na taɓa gani. Na bi jerin tsofaffin bishiyoyin da aka dasa gefen hanyar har suka ƙare cikin wani lambun albasa, wajen lanƙwasar. Mai lambun ya ɗaure tiyon injin ban-ruwansa a jikin wani ƙarfe mai kauri da ya fito daga dutse. Na tambaye shi ƙarfen mene ne. Ya ce shi dai haka ya tarar da shi, kuma yana riƙe tiyo da kyau.

Na sare ciyawar da ke bayansa. Bango ne na sassaƙaƙƙen dutse, ginin kan gada. A cikin yashi kuma ga kututturan ginshiƙai a jere, miƙe sak zuwa wancan ƙetaren, kowanne da ƙusoshinsa da suka ci tsatsa. Babu sauran musu. Ko yaro aka nuna wa zai ce gada ce.

Na zaro waya in kira Injiniya. Har na shirya abin da zan fara cewa. Sai na tsaya ina kallon lambarsa, na mayar da wayar aljihu.

Na zauna a kan ginshiƙin farko har rana ta yi zafi. Na ɗauka zan yi murna.

Alhamis, 20 ga Maris

"Ka je kogin?"

"Na je."

"To?"

"Ruwa bai ja sosai ba."

Ya yi dariya har da tari, ya ce ko ya ƙafe ƙurmus ba zan ga gada ba sai dai in gina tawa.

Na duba jimlar da na faɗa ta kowace fuska, kamar yadda nake wa yaran da na koya wa aiki. A mashigin duwatsu ruwan bai ja sosai ba, wannan gaskiya ne. Amma da wani ya kawo mini irin wannan jimla a teburina, da na mayar masa da takardarsa.

Asabar, 22 ga Maris

Na aika wa jarida rubutu kan duwatsun mil, waɗanda aka tumɓuke aka yi dakali da su. Yarinyar da ke riƙe da shafin yanzu ta bugo.

"Baba, tun makon jiya ka kai masu karatu bakin kogi ka bar su tsaye. Yaushe za mu ƙetare?"

Na ce bincike ba a yi masa gaggawa. Ta ce haka ne, Baba. Ni na koya mata wannan muryar, ta wanda bai yarda ba amma yana da ladabi.

Talata, 25 ga Maris

Likita ta turo saƙo: "Kawu, akwai labari?" Na rubuta amsa, na goge. Na rubuta wata.

Idan ya tafi, wa zai karanta shafin nan da jan biro a hannu? Ba hujja ba ce, na sani. Na dai rubuta ne in ga yadda take a takarda. Ba ta da kyau.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau ya bugo da ƙarfinsa. Ya kama ni da kuskure kan duwatsun mil, kuskure na gaske, ya yi ta juya shi yana jin daɗi. Ni ma na ji daɗi. Yana magana yana tafiya, ina jin ƙarar buta a kan wuta.

Sai wani abu ya faɗi. Wayar ta bugi ƙasa. Na yi ta kiran sunansa. Can na ji numfashinsa kusa.

"Kujera ce. Kada ka zo."

Na je. Yana zaune a ƙasan kicin, bayansa jingine da firji, ruwan zafi ya zuba masa a hannu. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Na kama shi ta hammata, ya riƙe wuyana, muka yi ta tangaɗi mu biyu kamar masu koyon rawa. Da ƙyar na kai shi kujera. Na sa hannun a ruwan sanyi, fatar ta riga ta tashi.

"Kada ka gaya wa Likita."

Na ce ba zan gaya mata ba. Na ce jibi ya shirya, zan zo in ɗauke shi, akwai abin da zai gani.

Asabar, 29 ga Maris

Na kai motar har bakin lambun, mai albasa ya kama masa ɗaya hannun. Ƙarfen dogarawar yana ta nutsewa a yashi, yana ta zaginsa.

Da ya ga bangon sai ya matsa kusa. Ya shafa dutsen da hannunsa mai lafiya. Ya duƙa kan ƙarfen da aka ɗaure tiyo, ya daɗe. Ya ɗaga kai ya bi ginshiƙan da ido har wancan ƙetaren.

"Katako aka shimfiɗa a sama," in ji shi. "Ga inda aka ɗaure shi. Mota ɗaya take ɗauka." Ya ƙara kallo. "Aiki mai kyau."

Na jira ya kawo wani musu. Ina so ya kawo. Da ya ce makarin ruwa ne, ko wani abu, da na yi masa gardama a hankali yadda za ta kai mu damina.

"Yaushe ka gan ta?"

"Larabar makon jiya."

"Ka ce mini ruwa bai ja ba."

"Na ce."

Ya dube ni sosai, irin kallon da yake wa taswira. Na juya ina kallon albasa.

"Ashe da gaske kana ƙarya. Ni duk shekarun nan tsokanarka nake yi."

Muka zauna a kan bangon. Can ya ce, "Yayarka ta sha ce mini in bar maka gadar nan. Wai ni ina da mata, kai kuwa gadar kawai gare ka." Ya share fuska da bayan hannu, ya ce rana ta dame shi, mu tafi.

A mota ya kira 'yarsa da kansa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Rubutun gada ya fito, da hoto babba. Na sa sunansa a matsayin wanda ya tabbatar da ginin. Yarinyar shafin ta ce shi ne mafi kyau a jerin.

Bai bugo ba. Babu abin da zai ƙaryata.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sun tafi da safe. Likita ta zo da mijinta da motar kaya. An ɗauki teburin zane, an ɗauki keken ɗinkin, shi ya ce sai da shi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kawu, Allah ya saka," na ce ta je kada rana ta yi musu.

Ya sauke gilashi ya miƙo mini tef ɗinsa na awo, mai gidan fata.

"Riƙe. Ka daina auna tarihi da sanda kamar mai sayar da rake."

Na tsaya har suka sha kwana. Mabuɗin gidan yana hannuna, zan riƙa zuwa ina buɗe tagogi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Wayar lafiyarta ƙalau, na kira kaina daga ta tebur na gwada.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na bi ta sabuwar gada na zagaya wancan ƙetaren, in ɗauki hoton ɗaya bangon kafin a saki ruwa. Yana nan, ƙaya ta rufe shi. A bayansa kuma hanyar ta ci gaba. Doron nan, lambatun nan, kwalbati biyu kafin in kai wata makaranta. Ban taɓa dubawa ba. A kaina hanyar a kogi ta ƙare, don a nan musunmu yake ƙarewa.

Na shimfiɗa taswira a gida. Idan ta riƙe wannan fuskar, arewa maso gabas ta nufa, ta bi ƙasan tsaunuka, ta faɗa garin da Likita take. Babu wanda ya taɓa bin wannan ɓangaren ya rubuta. Aiki ne da ya kamata a yi, ko don masu karatu.

Na kai mota wajen bakanike ya duba tayoyi. Na kira Likita in tambaya ko akwai masauki mai sauƙi a wajensu, na mai bincike.

"Masauki kuma, Kawu? Ɗaki na nan kusa da na Baba."

Na ce ba zama zan yi ba, hanya nake bi, ta ƙasan tsaunuka. Sai na ji murya daga nesa, tana ƙaruwa, da ƙarar ƙarfe a kan siminti:

"Wace ƙasan tsaunuka? Ce masa ta yamma ta kewaya! Ba ni wayar nan!"

Ko taswirar bai gani ba.

Zan ɗauki riguna da ɗan yawa. Hanyar ba kyau, ba a san tsawon lokacin da aikin zai ɗauka ba.