Kafaɗar Malachy

Kilbrack, Oktoba 1951

Yayana Aubrey,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Edith da yara a can Kenya.

Jikin Baba ya yi tsanani. Ya daina tambayar gonakin da hukuma ta karɓe ta raba, ya daina faɗa kan rufin da ke yoyo. Abu ɗaya ya kafe a kai: idan ya cika, Malachy Tierney da 'ya'yansa ne za su ɗauke shi har cikin cocinmu, inda kakanninmu suke kwance. Ka san Malachy, mai kula da dawakinmu, tare suka tashi da Baba. Jiya ya shigo duba shi, Baba ya ce, "Kai tsohon banza, kafaɗar taka za ta iya kuwa?" Malachy ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauko ka daga rami ranar da doki ya kayar da kai, yanzu da ka zama ƙashi zalla zan kasa?" Suka yi ta dariya.

Ni ban yi ba. Su 'yan Katolika ne, Fada, limaminsu, ya hana su taka cocin Furotesta irin namu, ko don jana'iza. Baba ya sani sarai, amma ya sa na yi masa alkawari. To, me zan ce wa mai mutuwa? Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Hester

Kilbrack, Nuwamba 1951

Yayana,

Ina gaishe ka, ya haƙuri? Na ga saƙonka, na san babu halin zuwa.

Na je wurin Fada da kaina, ni da ban taɓa roƙon kowa ba. Ya ba ni shayi, ya yabi Baba, ya ce doka ba tasa ba ce.

Ranar jana'izar garin kaf ya fito. Malachy da 'ya'yansa suka ɗauko akwatin tun daga gida cikin ruwan sama, ba su sauke ba sai a bakin ƙofar coci. Nan suka tsaya cak. Na ce, "Malachy, taku kaɗan ya rage." Wallahi na ga ƙafarsa ta motsa, sai matarsa ta riƙe masa riga. Ciki kuwa daga ni sai tsohon limaminmu da wasu tsofaffin mata. Ma'aikatan da aka ɗauko haya daga birni, waɗanda ko sunansa ba su sani ba, su suka shigar da Baba.

Da na fito na tarar da Malachy, hula a hannu, yana kuka kamar yaro. Ya kama hannuna ya ce, "Uwar ɗakina, ki yafe mini. Allah ya ji ƙansa, ba mu taɓa yin baƙo mai kirki irinsa ba."

Baƙo fa, Aubrey, don kawai kakanninmu na farko daga ƙetare suka zo. Alhali Baba a ɗakin da aka haifi kakan kakansa ya rasu.

Taka ƙanwa,
Hester