Iskar Oga

Yaya,

"Ƙara wa iskar nauyi." Haka Oga ya ce, yana tsaye a kaina yana cin biskit, ɓurɓushi na zuba a teburina. Af, ban gaishe ki ba. Ina gajiya? Ya yara, ya gwiwar Babansu?

Kin ce in bayyana miki aikina ba da yaren boko ba. To, za a gina tankin tace ruwan datti. Ana hura iska ta ƙasa, ruwa da kumfa su yi ta dambe. Ni nake kwaikwayon damben a kwamfuta kafin a zuba siminti. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau ɗari takwas, lissafin hargitsin kuma sai an faɗa masa nauyin kowanne a kowane lungu. Da ya zo inda suka haɗu, sai kwamfutar ta shaƙe ta mutu.

Gyaran gaskiya yana cin lokaci. Gyaran Oga shi ne a yi ta yi wa iska ƙiba har kwamfuta ta daina kuka. Yanzu iskarmu ta kusa kamo kananzir a nauyi. Ni kuma ana so in sa hannu a lissafin. In aka gina tankin a haka, ranar farko zai yi ambaliya, da sunana a jikinsa.

Ki gaida kowa.
Autarku

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Na karanta, na kuma karantawa. Abin da na gane, kina neman faɗa da mai biyanki albashi. Ni dai ban taɓa ganin an ɗora iska a sikeli ba. Baban yara ya ce tunda gwiwa ta kama shi, shi ma yana jin ta yi nauyi, wataƙila Ogan naku na da gaskiya. Tun kina ƙarama ba ki raina abin gardama. Ki sa hannu, ki ci abinci.

Allah ya yi miki albarka.
Yayarki

Yaya,

Barka da yamma. Na ci abinci. Hannu ne ban sa ba.

Yau masu tankin suka zo. Oga ya kunna musu bidiyon damben, launi shuɗi da ja, kumfa na hawa sama a natse kamar dattijo a bene. Injiniyarsu ta cire tabarau ta goge.

"Me ya sa kumfar take jan ƙafa?"

"Ingancin zane ne, ranki ya daɗe," in ji Oga. "Ga ƙwararriyarmu, za ta yi bayani."

Na faɗi nauyin da muka ba iskar, lambar kawai, ban ƙara gishiri ba. Matar ta dubi fanka, ta ce, "Da wannan iskar, ai da iyo muka shigo."

Oga ya yi dariya shi kaɗai. Yana jirana da safe.

Sai na ji daga gare ki.
Auta

Yaya,

Ina kwana. Oga ya miƙo biro in sa hannu, na ɗauki kofina da jakata. Na so in bugo ƙofar ofishin ya ji a haƙoransa, amma irin mai ƙarfen nan ce a sama. Ina tafiya tana rufuwa a hankali, a hankali, kamar a cikin iskarsa.

Ki gyara mini ɗakin baƙi.
Auta